Wasiƙa Zuwa ga Malam Habibu

Daga Kano

Aminina Malam Habibu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da iyali. Ka tambaye ni ko akwai hanyar gane cewa na'ura tana ji a ranta kamar ɗan Adam, kuma amsata ita ce iya magana ba ta isa shaida ba.

Tun 1950 masanin lissafi Alan Turing ya ba da shawarar a auna na'ura da hira, a ga ko mai tambaya zai iya bambanta ta da mutum. Yau ɗaliban Jami'ar Bayero suna hira da ChatGPT a wayoyinsu ba dare ba rana, kuma a 2022 wani injiniyan Google ya dage cewa manhajar hira ta kamfanin mai suna LaMDA ta san kanta, kamfanin ya musanta, ya kuma sallame shi. Sai dai manhajar da aka horar da tarin rubutun mutane dole ta iya cewa tana jin tsoro, tunda abin da ta tarar a rubutun ke nan.

Waɗanda suka fi tsaya mini a rai su ne masu ji da ba su da bakin faɗa. A 2006, a Ingila, masanin ƙwaƙwalwa Adrian Owen ya saka wata matashiya da hatsarin mota ya fitar daga hayyacinta cikin na'urar hoton ƙwaƙwalwa, ya ce ta raya a zuciyarta tana wasan tanis, sai ƙwaƙwalwarta ta amsa daidai da ta masu lafiya, alhali ko yatsa ba ta motsawa. Ka tuna yadda muke tsayawa a kan majinyacin da ya suma, muna lissafin kuɗin magani da ƙarfi, har wani ya ce ai sai dai addu'a, ba mu tunanin watakila yana saurare.

Haka dabbobi. A 1970 masanin halayyar ɗan Adam da dabbobi Gordon Gallup ya nuna cewa birin cimfanzi yana gane kansa a madubi, har ya taɓa jan tabon da aka shafa masa a goshi. Kare ba ya cin wannan jarrabawa, amma ai shi da hanci yake sanin duniya. Jakin da aka lafta wa mangalar yashi a kan gyambo, yana noƙewa ana ƙara masa sanda, ban buƙaci madubi kafin in yarda yana jin zafi ba. Hadisin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare ma ya ishe ni hujja.

Ka rubuto mini yadda likitocin wajenku suke bi da irin waɗannan majinyata. A gaida Hajiya da yara.

Naka,
Garba