Bakteriyar da Ke Juya Haihuwar Sauro: A Faɗakar da Jama'a Kafin Jita-jita Ta Iso

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili a jaridarka mai farin jini domin in ja hankalin masu karatu kan wata bakteriya mai suna Wolbachia, wadda wasu ƙasashe ke amfani da ita wajen yaƙi da cututtukan da sauro ke yaɗawa. A ganina ya kamata jama'armu su ji bayaninta daga majiya ta gaskiya tun yanzu, domin magana ce da ta shafi haihuwa, kuma mun san yadda irin wannan magana ke sauya kama idan ta faɗa bakin masu jita-jita.

Wasu masana biyu a Amurka, Marshall Hertig da Simeon Burt Wolbach, su ne suka fara ganin wannan bakteriya a jikin sauron gida nau'in Culex a shekarar 1924. Daga baya bincike ya nuna cewa kusan rabin nau'o'in ƙwarin duniya suna ɗauke da ita, ciki har da malam-buɗe-littafi da ƙananan ƙudajen da ke bin ruɓaɓɓun 'ya'yan itace. Tana rayuwa ne a cikin ƙwayoyin halittar ƙwaron, kuma babbar hanyar da take bi zuwa zuriya ta gaba ita ce daga uwa zuwa ƙwai, domin namiji ba ya gadar da ita ta maniyyinsa. Saboda haka amfaninta yana ga mace, kuma duk dabararta ta ta'allaƙa ne kan fifita macen da ke ɗauke da ita a kan wadda ba ta da ita.

Idan namijin sauro mai ɗauke da bakteriyar ya barbari macen da ba ta da ita, macen za ta saka ƙwai kamar yadda ta saba, amma su zama baragurbi, domin bakteriyar ta riga ta yi wa maniyyin wani lahani da ke hana ɗan tayi girma tun a rabuwar farko ta ƙwayar halitta. Idan kuwa macen tana ɗauke da irin wannan bakteriya, to abin da ke cikin ƙwanta zai warware lahanin, ƙwan ya ƙyanƙyashe, 'ya'yan kuma su fito da bakteriyar a jikinsu. Wato mace mai bakteriya tana samun zuriya da kowane namiji ta haɗu, alhali wadda ba ta da ita tana asarar ƙwanta duk lokacin da ta gamu da namiji mai ɗauke da ita. Da haka, sannu a hankali, masu bakteriya ke mamaye unguwa. A 1971 aka tabbatar cewa Wolbachia ce ke haddasa wannan, kuma sai a 2017 aka gano ƙwayoyin gado guda biyu da ke da alhakin lahanin da kuma warware shi. Duk wanda ya yi tunani a kan wannan tsari, a halittar da ido ba ya gani, dole ya jinjina wa hikimar Mahalicci.

Sauron Aedes aegypti, mai zanen fari da baƙi a ƙafafu, wanda ke cizo da rana yana yaɗa zazzaɓin denge da shawara, a al'ada ba ya ɗauke da Wolbachia. Masana a Ostareliya ƙarƙashin jagorancin Scott O'Neill suka ɗauko ta daga ƙudan 'ya'yan itace suka sanya masa, sai aka ga cewa ƙwayar cutar denge ba ta iya yaɗuwa sosai a jikin irin wannan sauro. An fara sakinsa a yankin Cairns na Ostareliya a 2011. A gwajin da aka yi a birnin Yogyakarta na Indunusiya, wanda aka wallafa sakamakonsa a 2021, kamuwa da denge ta ragu da kashi 77 cikin ɗari a unguwannin da aka saki sauron, kwanciya asibiti kuma ta ragu da kashi 86. Singafo ta bi wata hanyar tun 2016, inda take sakin maza zalla masu ɗauke da bakteriyar, waɗanda ba sa cizo, domin ƙwan matan da ke gari su lalace.

Denge ba baƙuwar cuta ba ce a yankinmu: ta kashe ɗaruruwan mutane a Burkina Faso a 2023, kuma a ƙarshen shekarar ta 2023 hukumar yaƙi da cututtuka masu yaɗuwa ta Najeriya, NCDC, ta tabbatar da ɓullarta a Sakkwato. Amma wajibi ne a faɗi gaskiya cewa babban ciwonmu shi ne zazzaɓin cizon sauro, wanda kusan kashi ɗaya cikin huɗu na masu kamuwa da shi a duniya a Najeriya suke, kuma sauron Anopheles ne ke yaɗa shi, ba Aedes ba. An sami Wolbachia a jikin Anopheles a Burkina Faso a 2014, sai dai adadinta kaɗan ne, kuma har yanzu aikin bai kai matsayin da za a dogara da shi ba. Don haka kada wani ya ji wannan labari ya naɗe gidan sauronsa ko ya bar kwatami da tsofaffin tayoyi suna tara ruwa.

Abin da ya fi damuna shi ne abin da ya faru a tsibirin Bali na Indunusiya a 2023, inda aka ɗage shirin sakin sauron bayan tsoro da jita-jita sun bazu tsakanin jama'a. Mu ma ba mu manta da 2003 ba, lokacin da zargin hana haihuwa ya dakatar da rigakafin shan-inna a Kano, cutar ta sake bazuwa, yara da dama suka nakasa. Wolbachia ba ta rayuwa a ƙwayoyin halittar mutum ko na dabbobin gida, ba ta shafar haihuwar ɗan Adam, kuma sanya ta a jikin sauro ba sauya ƙwayoyin gadonsa ba ne. Hasali ma likitoci sun daɗe da saninta ta wata fuskar, domin tsutsar da ke haddasa tundurmi da gwaiwa ba ta iya hayayyafa sai da ita, shi ya sa maganin doxycycline, wanda ke kashe bakteriyar, yake taimakawa wajen kashe tsutsar.

Ina kira ga jaridarka da ta nemi masana ilimin ƙwari na jami'o'inmu na Zariya da Kano da Sakkwato da Maiduguri su riƙa yin wannan bayani da Hausa, a rubuce da kuma ta rediyo. Idan kuma wata rana hukuma ta yi niyyar gwada wannan dabara a garuruwanmu, to ta fara zama da sarakuna da malamai da masu unguwanni, ta amsa tambayoyinsu dalla-dalla, ta kuma nemi yardarsu kafin a saki sauro ko guda ɗaya.

Wassalam.

Wani mai karatu daga Zariya, Jihar Kaduna