Godiya ga maɗaba'ar da ta yi mana allon shago a Shomolu

Assalamu alaikum.

A madadina da ƙannena masu sana'ar kilishi a Agege, cikin Ikko, ina miƙa godiya ga maɗaba'ar nan ta Shomolu da ta yi mana allon ƙofar shago da takardun da muke mannawa a jikin leda. Yabon gwani ya zama dole.

Niyyarmu a rubuta sunan shago da rubutun nan mai lanƙwashe-lanƙwashe irin na katin biki. Mai tsara aikin, wani dattijo Bayarabe da ke taɓa Hausa, ya ce, "Alhaji, wanda ke cikin motar haya ta danfo ba shi da lokacin karanta ado." Sai ya buɗe kwamfuta ya nuna mana wasu haruffa masu kauri, kowanne da faffaɗar ƙafa mai kusurwa, kai ka ce a kan bulo aka dasa shi. Ko harafin I, da ba komai ba ne sai sanda, nan ya fito da kafaɗa da gindi.

Ashe tsohon salo ne. A bakinsa muka ji cewa Vincent Figgins, wani mai ƙera haruffan buga takardu, shi ne ya fara fitar da irinsa a Landan a 1815, lokacin da 'yan kasuwa ke neman rubutun talla da za a hango daga nesa. Salon da dattijon ya zaɓar mana, Clarendon, ya fito a 1845, kuma ƙafarsa ta ɗan fi laushi, don akwai lanƙwasa a inda ta haɗu da jikin harafi. Manyansu a da da katako ake sassaƙa su don buga fastoci. Yau ga shi sun zo suna tallan kilishi a Ikko.

Abin da ya fi faranta mini rai shi ne ƙugiya. Samfurin da ke kwamfutarsa ba shi da ƙ da ɗ, mu kuma a allonmu akwai "mai ƙamshi da ɗanɗano". Sau da yawa a garin nan k da d kawai ake buga mana, a ce ai duk ɗaya ne. Shi kuwa ya zauna ya zana ƙugiyar da kansa, ya daidaita kaurinta da na sauran haruffan, ya turo ta WhatsApp muka duba kafin a buga.

Ya kuma hana mu sa wannan salon a ƙananan rubutu kamar farashi da lambar waya, ya ce tawada za ta cike cikin haruffan. A nan ya sa siririn rubutu mara ado.

Yanzu daga tsallaken titi ana karanta allon, baƙi a kan ruwan ɗorawa. Aikin ya fito ranar da aka yi alkawari, ba a ƙara mana ko kwabo a kan cinikin farko ba.

Baba, da kai da yaranka masu injin, mun gode. Allah ya ƙara buɗi, ya sa albarka a sana'a.

Naku,
Mai kilishi, Agege