Barka da Sallah daga bakin Kogin Nilu

Khartum, ranar Ƙaramar Sallah, 1443

Zuwa ga Baba da Inna,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina yi muku barka da shan ruwa, barka da Sallah. Allah ya karɓi ibadunmu, ya maimaita mana, ya ƙara muku lafiya da nisan kwana. Ku gaishe mini da Yaya Sani da iyalinsa, da Goggo, da su Ladidi da autanmu. Lafiyata ƙalau, sai kewar gida. Azumin bana ya zo mana cikin zafi mai tsanani, ga wuta da ake yawan ɗaukewa, ga tsadar burodi, amma an kai ƙarshe lafiya. Maganar zanga-zangar da kuke ji a rediyo kuwa, Inna ki kwantar da hankalinki. Ranar da za a yi, akan rufe gadoji tun da sassafe, ni kuma ba na leƙa ko ƙofa.

Mun sauko daga idi, maƙwabta suka cika mu da asida da kayan zaƙi. Amma bakina tuwon shinkafar Inna yake nema, da miyar kifin da aka kamo da asuba.

Baba, kun tambaye ni a waya ko mutanen nan sun san ruwa kamar namu na Yauri. Kati ya ƙare kafin in amsa, shi ya sa na ce bari in zauna yau in ba ku labarin wani wuri da nake yawan zuwa. Kulob ne na masu jiragen ruwa, sunansa Blue Nile Sailing Club, a kan titin da ya bi gaɓar Shuɗin Nilu, kusa da gadar Mak Nimir. Daga nan ba nisa zuwa tsibirin Tuti da Mugran, inda wannan kogi da ya gangaro daga duwatsun Habasha yake haɗuwa da Farin Nilu. Abin da ya fara kama mini ido a wurin wani tsohon jirgin yaƙi ne na ƙarfe, zaune a kan tudu cikin itatuwa, da igwarsa a gaba har yau. Sunansa Melik.

A wata ma'aikata da ke Chiswick a Landan aka ƙera shi a 1897. Aka kwance shi gunduwa-gunduwa, aka kawo Masar ta teku, sannan aka ɗora shi a jirgin ƙasan da Kitchener, kwamandan sojan Turawan Ingila, ya sa aka shimfiɗa daga Wadi Halfa ya ratsa hamada, aka sake haɗa shi kusa da Barbar a 1898. Ku da kuka san wahalar tudun yashi a ƙarƙashin ruwa za ku gane dabararsu: duk tsawonsa, abin da ke nutsewa cikin ruwa bai wuce kamar ƙafa biyu ba, don ya bi inda kogi ba zurfi. Ranar 2 ga Satumba 1898, a yaƙin Karari, arewa da Umdurman, mayaƙan Halifa Abdullahi, magajin Mahadin Sudan, waɗanda ake kira Ansar, sun kusa rutsa rundunar raƙuma ta Kitchener a gindin duwatsu. Wannan jirgi ne ya matso gaɓa ya buɗe musu wuta. Wanda ke jagorantarsa ɗan ɗan'uwan Gordon ne, Gordon ɗin da aka kashe a Khartum a 1885. Kafin azahar Ansar sama da 10,000 sun kwanta dama, a ɓangaren Kitchener kuwa waɗanda suka mutu ba su kai 50 ba. Bayan kwana biyu, a cikin Melik ɗin nan aka kai Kitchener kufan fadar Khartum.

Ranar da na fara dafa ƙarfen igwar nan, rana ta gasa shi har ba ya taɓuwa sai da gefen riga, kuma labarin Burmi da Kaka yake ba mu ne ya faɗo mini. Shekara biyar kacal tsakani. A 1903 irin wannan wuta ta ci Sarkin Musulmi Attahiru da jama'arsa, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja ragowar mutane suka yi gabas, har suka zauna a bakin wannan kogin dai, kusa da Sinnar, garin da ake kira Mai Wurno har gobe. Ruwan da ke wucewa ta gaban kulob ɗin sai da ya bi ta ƙofar gidajensu. Na haɗu da jikokinsu a kasuwa, Hausarsu garau, sai dai Larabci ya ɗan shiga.

A 1926, da jirgin ya gama aikin gwamnati, aka ba wa kulob ɗin shi ya zama ofishinsu da wurin zamansu, yana ɗaure a bakin ruwa. Turawan mulki ne masu wurin a lokacin. Shekara guda kafin nan aka gama madatsar ruwa ta Sinnar, aka buɗe gonakin audugar Jazira, inda mutanenmu masu niyyar Hajji a ƙafa suke tsayawa su yi ƙwadago su tara guzuri. Wato lokacin da Bature ke shan iska da la'asar a nan, Bahaushe na can sama da kogi yana tsintar auduga. Wannan yana mini ciwo, ba zan ɓoye muku ba.

Sai dai abin da ya biyo baya ya sa nake girmama mutanen ƙasar nan. Sudan ta sami 'yancin kai ranar 1 ga Janairu 1956, sannu a hankali kulob ya dawo hannun 'yan ƙasa. Ba su nutsar da jirgin ba, ba su kuma sayar da shi ga 'yan gwangwan ba. Sun bar shi inda kowane yaro zai gan shi ya yi tambaya, suka ci gaba da tseren jiragensu a gabansa. A ƙarshen shekarun 1980 wata babbar ambaliya ta ɗaga shi ta ɗora a kan gaɓa, da ruwa ya janye sai ya bar shi nan cikin yashi. Wasu na cewa da bai hau tudu ba da tuni tsatsa ta huda cikinsa ya nutse. Akwai ma wata ƙungiya a Ingila mai suna Melik Society da ke neman a gyara shi. Ni dai a ganina gyaran da ya fi kamata shi ne a rubuta a jikinsa, da Larabci ƙarara, abin da ya aikata a Karari.

To, ga abin da zai fi ba ku sha'awa, Baba. Jiragen tserensu ba su da inji, ba a kuma tuƙa su da filafili. Ƙananan jirage ne na ƙarfe da aka zana musamman don wannan kogi tun zamanin Turawa, kowanne da doguwar sanda a tsakiya da ƙyalle mai kama iska. Lokacin sanyi iska daga arewa take busowa, ita ke tura jirgi ya haura ruwa, in za a dawo kuma ruwa ya taimaka. Wani dattijo da ya ga ina yawan tsayawa kallo ya ce in shigo. Ya ba ni igiyar ƙyallen, shi ya riƙe abin juyawa a baya. Ba ya kallon sama, fuskar ruwa yake kallo: inda ta yi duhu ta yamutse, nan iska take. Ko da iska na gabanka, sai ka bi ta a karkace, ka nufi wannan gaɓa, ka juyo ka nufi waccan, kamar mai hawan dutse da jaki. Duk sanda zai juya sai ya daka tsawa, kowa ya sunkuya, sandar ƙasan ƙyallen ta wuce ta saman kawunanmu, mu koma ɗaya gefen da sauri don kada jirgi ya kife. Na gaya masa mahaifina ya yi shekaru yana kai mutane tsibirai a kogin Kwara, kuma mu ma muna da bikin Rigata da ake tseren kwalekwale. Ya yi murna ƙwarai, ya ce in isar muku da gaisuwarsa, ya ce duk wanda ya ci abinci daga kogi ɗan'uwansa ne.

Yanzu ruwa ya ja baya sosai, iska ma ta yi rauni, sai guguwar ƙura da ke tasowa wani lokaci da yamma. Sai wajen Agusta kogi zai cika ya yi ja da laka.

Abu ɗaya na gani wurin dattijon nan da ya hana ni barci. Jikokinsa sun iya iyo kamar kifi, amma ko ɗaya ba ya sa ƙafa a jirgi sai da rigar kariya, a ɗaure, shi da kansa yake jan igiyar ya gwada. Kuma in ya ce mutum uku jirgi zai ɗauka, ko gwamna ne na huɗu sai ya jira. Tun haɗarin Wara na bara, da aka yi ta tsamo gawarwakin mata da yara kwana da kwanaki, duk ranar kasuwa gabana faɗuwa yake, don na san yadda ake loda jirgin Yaya Sani: buhuna, babura, awaki, mutane a kan kaya. Na san fasinja ba sa son jira, na san kuɗin mai ya hau. Amma Baba, maganarku kaɗai yake ji.

Cikin kuɗin da na aiko ta hannun Alhaji, kashi ɗaya na goron Sallah ne, ku raba yadda kuka ga dama, a ɗinka wa auta abin da ya ce yana so. Ragowar kuwa roƙo nake a saya wa jirgin Yaya rigunan kariya, ko guda goma ne a fara da su, a sa na yara a ciki. In ba a samu a Yauri ba, a sa wani ya duba Birnin Kebbi ko Kwantagora. In kuɗin bai kai ba ku sanar da ni, zan cika a ƙarshen wata in Allah ya yarda. A kuma ja layi da fenti a jikin jirgin, inda in ruwa ya kai ba a ƙara ko kwando.

Inna, ki sa ni a addu'a, jarrabawa ta matso. A gaishe da Malam da mutanen unguwa baki ɗaya.

Ɗanku,
Umaru