Wasiƙa Zuwa Ga Aminina Kan Halin Da Ɗansa Ke Ciki

Jos, Jihar Filato.

Aminina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya tare da uwargida da yara. Mu nan Jos lafiya lau, sai sanyin hunturun da ka sani, wanda bana ya sauko da wuri.

Saƙonka ya iso, kuma tun da na karanta shi hankalina bai kwanta ba. Ka ce babban ɗanka ya dawo hutu daga makarantar kwana ya zama shiru-shiru, ba ya cin abincin kirki, yana yawan kukan ciwon ciki alhali likita bai ga komai ba, kuma da zarar an ambaci komawa makaranta sai idanunsa su ciko da ƙwalla. Ka ƙara da cewa 'yan'uwa suna ba ka shawarar ka tsawata masa, wai shagwaɓa ce, wuya ba ta kisa, mu ma haka muka taso. Don girman Allah kada ka bi wannan shawara, domin alamun da ka lissafa sun yi kama da na yaron da ake cin zalinsa.

Ina ganin irinsu a makarantar da nake koyarwa. Akwai wani ɗan aji ɗaya da na riƙa tararwa da asuba a bakin famfo, cikin wannan sanyin, bokitai huɗu jere a gabansa, babu nasa ko ɗaya, hannayensa duk sun yi kaushi sun tsattsage. Garin kwaki da sukarin da uwarsa ta haɗo masa sun ƙare a makon farko, ba shi ya sha ba. Da na tambaye shi, cewa ya yi ba komai, domin ya san abin da ke jiransa a ɗakin kwana idan siniyoyi suka ji ya kai ƙara.

Masana halayyar ɗan Adam sun daɗe da daina ɗaukar wannan a matsayin wasan yara. A shekarar 1982 wasu yara maza uku a arewacin Norway suka kashe kansu bayan tsangwamar da suka sha a hannun 'yan'uwansu ɗalibai, abin da ya sa gwamnatin ƙasar ta ƙaddamar da gangami a makarantu a 1983. Farfesa Dan Olweus na Jami'ar Bergen, wanda ya yi fice a wannan fage, ya bambanta cin zali da faɗan sa'anni: da gangan ake yin sa, ana maimaita shi, kuma wanda ake yi wa ba shi da ƙarfin ramawa. Su kuwa masu cewa haka muka taso kuma ba abin da ya same mu, da ma za su ji sakamakon wani bincike da aka yi a Birtaniya aka wallafa a 2014, wanda ya bi rayuwar mutane fiye da 7,000 da aka haifa a 1958. Waɗanda aka yawaita cin zalinsu suna ƙanana sun fi sauran fama da baƙin ciki mai tsanani da fargaba bayan kusan shekara 40. Ni da kai mun san wasu cikin abokan karatunmu da har yau ba sa son a tuna musu da kwanakin makaranta.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne bayanin da wasu masana halayyar ɗan Adam biyu, Richard Lazarus da Susan Folkman, suka yi a 1984, cewa mutum yana tunkarar damuwa ta hanya biyu: ko ya yi ƙoƙarin kawar da abin da ke damunsa, ko ya lallashi zuciyarsa idan abin ya fi ƙarfinsa. Addu'a da haƙuri suna sanyaya zuciya, kuma ba wanda zai raina su. Amma yaro ɗan shekara 12 ba shi da ikon hana ƙato ɗan aji shida dukansa, don haka kawar da matsalar aikinka ne, kai da malamansa. Idan muka ce masa ya yi haƙuri sannan muka naɗe hannu, mun ɗora masa kayan da ba nasa ba, kuma mun koya masa cewa faɗa wa babba ba ya da amfani.

Akwai kuma abin da zai ƙarfafa maka gwiwa. Wata masaniyar halayyar ɗan Adam mai suna Emmy Werner ta bi rayuwar yara 698 da aka haifa a 1955 a tsibirin Kauai na Amurka, ta gano cewa kusan kashi ɗaya cikin uku na waɗanda suka taso cikin talauci da rigimar gida sun zama mutanen kirki masu natsuwa, kuma galibinsu sun samu wani babba da ya riƙe su da ƙauna, ko kaka, ko goggo, ko malami. Na shaida haka da idona bayan rikicin 2008 a garin nan, domin ɗaliban da suka fi saurin dawowa hayyacinsu su ne waɗanda ke da mai sauraronsu a gida.

Saboda haka kada ka titsiye shi a gaban ƙannensa. Ka fita da shi ku biyu, ko a hanyar masallaci ko ta kasuwa, ka bar shi ya yi magana a lokacin da ya ga dama, kuma idan ya fara kada ka tambaye shi me ya sa bai rama ba. Idan ya fi sakewa da mahaifiyarsa ko kakarsa, a bar su su fara. Daga nan ka je makarantar da ƙafarka, ka zauna da shugabanta da malamin da ke kula da ɗakin kwanansu, ka nemi sanin matakin da za su ɗauka ba tare da an fallasa shi ba. In ba ka gamsu ba, sauya makaranta ba abin kunya ba ne. Idan kuwa ka ji yana ambaton mutuwa, ko barci ya ƙaurace masa, ka kai shi wurin likitan ƙwaƙwalwa ba tare da jinkiri ba.

In kana ganin sauyin wuri zai taimaka, ka turo mini shi ya ƙarasa hutun tare da yarana, sai dai a haɗo shi da rigar sanyi mai kauri. Ina jiran amsarka. Ka gaida uwargida, ka miƙa gaisuwata ga Baba. Allah Ya shirya mana zuri'a, Ya kare su.

Wassalam,
Naka amini.