A auna sababbin rikodojin faifai da ma'aunin mai ɗaukar murya

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina cikin masu bibiyar shafinku na kimiyya da fasaha, kuma na ji daɗin filin da kuka ba sababbin na'urorin faifai na aljihu a makon jiya, musamman MZ-RH1 da kamfanin Sony ya sanar a watan Maris na wannan shekara ta 2006. Sai dai ma'aunin da aka kwatanta su da shi bai gamsar da ni ba. An jera su ne kusa da iPod ana tambayar wacce ta fi cin waƙoƙi, wacce ta fi daɗin sakawa a aljihu. In wannan ce tambayar, ai an gama shari'a tun kafin a zauna, domin iPod ɗin da Apple ya fitar a Oktoban bara tana da gigabait 30 ko 60, faifan Hi-MD kuwa, wato sabon tsarin ƙaramin faifan naɗar sauti na Sony da ake kira MiniDisc, gigabait ɗaya ne tak. Amma yawancin waɗanda na sani suna riƙe da MiniDisc a ƙasar nan ba don jin waƙa suka saye ta ba. Wakilan gidajen rediyo ne, da masu naɗar karatun malamai, da ɗaliban jami'a masu tattara tarihin baka, da irina masu shiga ƙauye ɗaukar hira da kiɗan gargajiya. Mu tambayoyinmu daban ne: akwai ramin makirufo? Wane batir take ci? Kuma in an ɗauki murya, ta yaya za a fito da ita?

Tambayar farko kaɗai ta isa ta rage jerin. Duk CD Walkman ɗin da kuka kawo, har masu karanta MP3, na sauraro ne kawai. Suna da amfaninsu, tunda faifan CD marar komai yana da araha kuma ana samunsa ko'ina, amma ba su naɗar komai. A cikin dangin Hi-MD ma akwai tarko. MZ-NH600D da MZ-DH710 daga kwamfuta kaɗai suke karɓar sauti. MZ-DH10P tana da kyamara amma ba ta da wurin makirufo. MZ-RH710 tana karɓar waya daga wata na'ura, ita ma ba ta da shi. Kwalayensu duka suna ɗauke da tambarin Hi-MD iri ɗaya, kuma mai shago a Sabon Gari ko titin Beirut ba lallai ne ya san bambancin ba. Mai saye ya juya na'urar da hannunsa ya nemi jan ramin makirufo kafin ya miƙa kuɗi. Bayan wannan tacewa, waɗanda suka cancanci a yi magana a kansu su ne MZ-NH700 da MZ-NH900 na 2004, MZ-RH910 da MZ-RH10 na 2005, sai ita sabuwar, MZ-RH1.

Dalilin da ya sa har yanzu muke riƙe da wannan faifai da ya fito tun 1992 shi ne juriyarsa. Yana zaune a cikin gidan roba mai ƙofa da ba ta buɗewa sai ya shiga na'ura, don haka ƙurar hunturu da zanen yatsa ba su kai gare shi kamar yadda suke kai wa CD, kuma babu zaren da zai sarƙe kamar na kaset. Hi-MD da aka gabatar a Janairun 2004 ta ƙara abu biyu masu muhimmanci. Na ɗaya, ana iya ɗaukar sauti ba tare da an matse shi ba, daidai da ingancin CD, kimanin minti 94 a faifai mai gigabait ɗaya. In aka zaɓi Hi-SP, tsarin da ke matse sauti, wanda kunnena bai cika bambance shi da na farkon ba a hirar baka, faifai ɗaya yana ɗaukar kusan awa takwas. Na biyu, tsohon faifai mai minti 80 ma ana iya sake tsara shi ya koma Hi-MD ya ɗauki awa biyu da minti ashirin a Hi-SP. A nan duka biyar ɗin sun yi kunnen doki.

Inda suka fara rabuwa shi ne wajen saita ƙarfin ɗauka, kuma marubucinku bai ko ambace shi ba. Na'urorin nan suna da tsarin da ke daidaita ƙarfin sauti da kansa. Ga hira da mutum ɗaya a cikin zaure yana aiki lafiya. Amma a kai shi gaban makaɗa. Mawaƙi yana jan baiti, 'yan amshi suna biye da shi, sai mai kalangu ya matse tsirkiya ya sauke gula da ƙarfi. Nan take na'urar za ta ja sautin duka ƙasa don kare kanta, muryar mawaƙin ta nitse, sai ta fara ɗagowa a hankali, kafin ta gama dawowa an sake wani bugun. In ka saurara daga baya za ka ji waƙar tana shiga tana fita, kuma babu gyaran da kwamfuta za ta yi mata. Maganinsa shi ne ka saita ƙarfin da hannu. A na'urorin 2004 da 2005 wannan yana nufin ka danna ɗauka tare da dakatarwa, ka shiga jerin zaɓuɓɓuka, ka nemo wurin, ka ɗaga ko ka sauke, sannan ka saki. Da zarar ka tsayar da ɗauka kuma sai ta manta, ta koma yin gaban kanta. Duk wanda ya taɓa tsugunawa a gaban dattijo yana latse-latse, alhali dattijon ya riga ya fara ba da labarin da aka zo dominsa, ya san nauyin wannan. RH1 tana riƙe saitin da ka ba ta har sai ka canza shi. A wurina wannan gyara ya fi duk wani ado da aka yi mata, kuma allonta mai haske da ke gefe yana nuna ma'aunin sauti a sarari ko da dare ne. RH10 ma tana da allo mai haske, babba ma, yayin da na RH910 da NH700 sai ka haska tocila.

Amma a batun batir sabuwar ta ja da baya. RH1 tana amfani da wani batirin litiyam na musamman mai lamba LIP-4WM, kuma babu inda za a jona mata batirin AA, irin wanda ake sa wa agogon bango. Ana cajinta ta wayar USB. Wanda ya tsara ta yana tunanin mutumin da zai koma gida da yamma ya tarar da wuta. Mu kuwa an sauya wa NEPA suna zuwa PHCN bara amma halinta na nan, kuma akwai garuruwan da muke kwana da ba a taɓa kafa musu turken lantarki ba. RH910 da RH10 da NH900 suna da siririn batir mai caji, da kuma ɗan akwati da ake ɗaurawa a gefe a saka AA ɗaya. NH700 kuwa AA ɗaya take ci kai tsaye, shi ke nan. Ta fi kauri, jikinta roba ne, babu mai ganinta ya yi sha'awa, amma duk mai tireda a bakin tasha yana da abincinta. A dai nemi batir mai ƙarfi, don masu arahar nan ba su jure ɗauka.

Abin da ya sa na tsaya a kan batir shi ne yadda MiniDisc take ajiye aiki. Lokacin da kake ɗauka sautin yana sauka a kan faifai, amma bayanin inda kowane yanki yake ba ya kammala rubutuwa sai ka danna tsayawa. Za ka ga rubutu yana ƙyaftawa a allo na 'yan daƙiƙu, ka ji faifan yana juyawa. In batir ya mutu kafin wannan ya ƙare, ko na'urar ta faɗi, za ka iya rasa hirar awa guda duk da cewa an ɗauke ta. Shi ya sa waɗanda suka daɗe a aikin suke tsayarwa lokaci-lokaci su bar ta ta rubuta, kuma ba su fara doguwar hira da batirin da ya yi rabi. Mai NH700 zai zare tsoho ya saka sabo a cikin minti ɗaya. Mai RH1 sai in ya sayi batiri na biyu tun daga inda ya sayo na'urar, don ban ga alamar za a same shi a kasuwanninmu nan kusa ba.

Akwai kuma abin da ya shafi ɗakin watsa shirye-shirye. Manyan na'urorin MiniDisc da ke gidajen rediyo na tsohon tsari ne, ba su karanta faifan Hi-MD ko kaɗan. Wakilin da ya dawo da rahoto a sabon tsari ba zai iya miƙa wa mai kula da na'ura ya saka kai tsaye ba. Na'urorin 2004 suna barinka ka ɗauka da makirufo a tsohon tsari in ka so. Na 2005, wato RH910 da RH10, an cire musu wannan. RH1 ta dawo da shi. Wanda zai sayi RH10 saboda kyan allonta ya fara tambayar gidan da yake wa aiki da me suke saka sauti.

Yanzu ga babban dalilin da ya sa na ɗauki alƙalami. Shekara da shekaru MiniDisc tana da ƙofar shiga amma ba ta da ta fita. Ko da NetMD, wato MiniDisc mai haɗuwa da kwamfuta, ta zo da wayar USB a ƙarshen 2001, hanya ɗaya ce: daga kwamfuta zuwa faifai. Kamfanin Sony yana tsoron masu satar waƙoƙi, tunda shi ma yana da kamfanin waƙa, sai takunkumin ya faɗa har kan wanda ya ɗauki muryar kakarsa da makirufonsa. Hi-MD ta buɗe ƙofar ga sababbin ɗauka ta manhajar SonicStage, da farko da sharuɗɗa masu tsauri, daga baya aka sassauta har ana iya mayar da su WAV, fayil ɗin sauti da kwamfuta ke buɗewa kai tsaye. Amma tsofaffin faya-fayan da aka cika tun shekarun 1990 sun ci gaba da zama a kulle. Hanyar kwafe su ita ce ka jona waya daga ramin iyafis zuwa kwamfuta ka zauna. Faifai mai minti 74 zai ci maka minti 74, in aka ɗauke wuta ka koma farko, kuma sau da yawa gurnanin janareta yana biyo wayar ya shiga cikin sautin.

RH1 ita ce ta farko da za ta ɗauki waɗannan tsofaffin ɗauka ta tura su kwamfuta ta USB, yadda suke, cikin mintuna. Wannan ne labarin da ya kamata ya zama kan maganar shafinku, amma layi ɗaya aka ba shi a ƙasa. Ku yi tunanin abin da ke cikin durowoyin gidajen rediyon Kaduna da Kano da Sakkwato, da jakunkunan wakilai, da ofisoshin malaman sashen harsunan Nijeriya a jami'o'inmu: hirarraki da sarakuna da malamai da makaɗan fada waɗanda da yawansu sun riga mu gidan gaskiya, tafsirin watan azumi, muhawarorin lokacin komawa mulkin farar hula a 1999. Faifan zai daɗe, amma na'urar da ke karanta shi tana da ido da injin da ke gajiya, kuma kasuwa ta fara juyawa. Marantz PMD660 da MicroTrack na M-Audio sun fito bara suna ɗauka a kan katin ajiyar bayanai maimakon faifai, Edirol R-09 ta biyo baya a bana da batirin AA. Ba su da abin da ke juyawa a ciki, don haka ba su da ƙarar injin da makirufo ke kamawa in an manna shi a jikin MiniDisc, kuma kwamfuta tana ganin fayilolinsu ba tare da wata manhaja ba. Abin da ya rage wa faifai shi ne arha: za ka iya cika shi ka rubuta suna a bayansa ka ajiye, kati kuwa tsadarsa ta sa dole ka goge ka sake amfani da shi. In farashin kati ya sauko, ban ga abin da zai sa kamfanoni su ci gaba da ƙera rikodar faifai ba, kuma daga lokacin samun wadda za ta buɗe tsofaffin zai yi wuya.

Saboda haka shawarata ta rabu biyu. Mai aikin ƙauye da kuɗinsa ba su da yawa ya nemi NH700 tun tana samuwa, ko NH900 in ya samu, ya sa ragowar kuɗin a makirufo mai kyau da doguwar waya. RH10 da RH910 sun dace da wanda aikinsa ke ƙarewa a kwamfuta, ba ruwansa da tsohuwar na'urar situdiyo. RH1 kuwa kowane gidan rediyo da kowane sashen jami'a da ke da tarin faya-fayai ya kamata ya mallaki guda, a ajiye ta a ofis kusa da kwamfuta, a ɗora wa mutum ɗaya alhakin kwashe abin da ke cikin durowa, a rubuta sunan mai magana da wuri da shekara a kan kowane fayil, a kuma yi kwafi biyu a CD. Kada a ba wakili ita ya tafi da ita taron siyasa.

Ina roƙon ku sake waiwayar batun a fitowa ta gaba. Ku tura wakilinku wurin masu shigo da kayan lantarki a Kano da kasuwar Alaba ta Legas ya tambayo mana farashin kowacce da naira, da ko za su kawo faya-fayan gigabait ɗaya da batirin RH1 tare da na'urar. Ku kuma tambayi shugabannin gidajen rediyonmu faya-fayai nawa ke ajiye a wurinsu, da wanda ke riƙe da makullin.

Na gode da ba ni fili.

Naku,
Mai ɗaukar shirye-shiryen rediyo,
daga Zariya.