Wasiƙa ga aminina da korona ta ɗauke wa jin ƙamshi

Aminina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyali baki ɗaya. Ya ƙarfin jiki? Allah ya ƙara sauƙi, ya sa kaffara ne.

Saƙonka ya iso, kuma na karanta shi a tsanake. Inda ya fi tsaya mini a rai shi ne da ka ce zazzaɓi da tari sun tafi tuntuni amma hanci ya ƙi dawowa, yanzu kuma da ya fara motsi sai wari yake kawo maka, har ka soma gudun abinci. Ka ce in ka yi wa mutane ƙorafi sai su ce ka gode wa Allah da ka tashi, wasu ba su tashi ba. Godiya kam wajibi ce, amma ba ta hana mai ciwo faɗin inda ke masa ciwo. Na riga ka shiga wannan hali, shi ya sa na ga waya ba za ta isar ba, gara in zauna in rubuta maka.

Ni abin da ya fara ruɗa ni shi ne hancina a buɗe yake, iska na shiga tana fita, babu majina babu toshewa irin ta mura. Na kai sabulu hanci, shiru. Na buɗe kwalbar turare na shaƙa har sai da idona ya kawo ruwa, nan ma shiru. Daga baya na fahimci dalili. Can saman kogon hanci akwai wata 'yar shimfiɗa inda jijiyoyin jin ƙamshi suke, kuma a tsakaninsu akwai wasu ƙwayoyin halitta da aikinsu shi ne tallafa wa jijiyoyin. A watan Yulin 2020 masu bincike a Jami'ar Harvard ta Amurka, ƙarƙashin Sandeep Datta, suka nuna cewa ƙofar da ƙwayar korona ke bi ta shiga, wadda ake kira ACE2, a jikin waɗannan masu tallafin take, jijiyoyin kansu ba su da ita. Da masu tallafin sun lalace, wurin ya kumbura, sai jijiyar ta kasa aiki ko da ba ta mutu ba. Wannan ne ya sa yawancin mutane nasu ke dawowa cikin 'yan makonni. Ko inda jijiyar ta mutu ma da sauran magana, domin jijiyoyin hanci suna cikin ƙalilan a jikin mutum da ke sake tsirowa muddin yana raye.

Na san ka ce ɗanɗano ma ya tafi. Ina so ka gwada wani abu yau: ka ɗora gishiri a harshe, ka kurkure baki, ka ɗora sukari, sannan ka ɗiga ruwan lemon tsami. Mai yiwuwa ka ji su duka. Harshe abu biyar kawai ya sani: zaƙi, tsami, ɗaci, gishiri, da wannan daɗin da ake ji a romon nama. Duk sauran abin da muke cewa daɗin abinci, ƙamshi ne da ke tashi ta bayan maƙogwaro ya hau hanci lokacin da ake tauna. Zafin yaji da sanyin na'ana'a kuma wata jijiya ce daban ke ɗauke da su. Akwai waɗanda korona ta taɓa musu harshen kansa, amma a wajen mafi yawa matsalar daga hanci take. Ranar da na yi wannan gwaji na ji tsamin lemo ya tsinka mini yawu, hankalina ya kwanta sosai, don na gane ba komai ne ya tafi ba.

Ka tambaye ni ko zai dawo. Ba zan yi maka alkawarin da ba a hannuna yake ba, amma ga abin da aka gani. A 2022 mujallar likitoci ta Birtaniya, BMJ, ta wallafa wani nazari da ya tattara bincike da dama, inda aka samu kusan mutum 3 cikin 4 sun dawo da jin ƙamshi a cikin wata guda, kuma zuwa wata 6 sun kai kusan kashi 95 cikin 100. Ragowar kusan kashi 5 su ne abin ya daɗe musu. A ƙarshen 2022 ɗin kuma Bradley Goldstein da abokan aikinsa a Jami'ar Duke suka duba naman hancin irin waɗanda nasu ya daɗe, suka tarar ƙwayar cutar ta tafi amma garkuwar jiki ba ta daina faɗa ba, kumburi na nan, jijiyoyin sun ragu. Sun ragu, amma ba su ƙare ba.

Yanzu ga abin da ya fi damunka, wato warin nan. Ni ma na sha shi, kuma a ganina ya fi rashin jin komai wahala nesa ba kusa ba. Uwargida za ta jefa albasa a mai, ƙamshin da a da yake tara mu a bakin madafa, sai in ji wani ɗoyi kamar na ruɓaɓɓen abu haɗe da ƙaurin roba. In tashi in fita waje, ita kuma ta bi ni da ido, tana zaton girkinta ne ya ɓaci. Kofi, tafarnuwa, ƙwai, gasasshen nama, har man goge baki, duk wari iri ɗaya suka koma. Wani lokaci kuma ina zaune in ji ƙaurin hayaƙi, in zagaya gida ban ga abin da ke ƙonewa ba.

Mutum yana da kusan nau'i 400 na na'urorin kama ƙamshi a jijiyoyin hancinsa. Linda Buck da Richard Axel ne suka gano yadda suke a 1991, aka ba su kyautar Nobel a 2004. Ƙamshin abu guda kamar kofi ya ƙunshi ɗaruruwan sinadarai, kowanne da na'urorin da yake taɓawa, ƙwaƙwalwa ce ke haɗa su ta ce wannan kofi ne. To a lokacin farfaɗowa, wasu jijiyoyin sun dawo aiki, wasu ba su dawo ba, wasu sabbi ne da ba su gama samun hanyarsu ba. Sai abin ya zama kamar wasiƙar da ruwa ya wanke rabin kalmominta, ka karanta ragowar ka fahimci abin da ba shi aka rubuta ba. A Jami'ar Reading ta Ingila, Jane Parker da abokan aikinta sun ware sinadaran da ke cikin kofi ɗaya bayan ɗaya, suka gano cewa 'yan kaɗan ne masu ƙarfi daga cikinsu ke tayar da wannan wari. Likitoci da yawa suna kallon wannan mataki a matsayin alamar cewa jijiyoyi sun fara farfaɗowa. Don Allah ka riƙe wannan, kada ka ɗauka baya ka koma.

Abin da zan roƙe ka ka fara shi ne horar da hanci. Wani likita a Dresden ta Jamus, Thomas Hummel, shi ya fito da tsarin a 2009, tun kafin a san korona. Ya sa marasa lafiya shaƙar abu 4 safe da yamma har mako 12: furen wardi, lemon tsami, kanumfari, da man itacen turare, wato yukaliftus. Waɗanda suka yi sun fi samun ci gaba a kan waɗanda ba su yi ba. Ba kowa yake yi wa aiki ba, kuma ba ya sauri, amma ba shi da illa, ba ya cin kuɗi. In ba ka samu waɗannan ba, ka ɗauki duk abin da ka san ƙamshinsa sosai tun da can, irin su citta, kirfa ko ɓawon lemo. Ka zuba kowanne a 'yar kwalba mai murfi. Ka buɗe ɗaya, ka shinshina a hankali na kamar daƙiƙa 20, ba zuƙa mai ƙarfi ba, kana tuno yadda ƙamshin yake a da. Ka ɗan huta, ka ɗauki na gaba.

Makonnin farko ba na jin komai, kwalba kawai nake buɗewa ina rufewa. Wata safiya na buɗe ta kanumfari, sai wani abu siriri ya gifta, kafin in tabbatar ya ɓace. Na rufe na sake buɗewa, babu. Washegari ma babu. Sai bayan wasu kwanaki ya sake leƙowa, wannan karon ya ɗan jima. Haka abin yake tafiya, yau gaba gobe baya, shi ya sa ya kamata ka samu ɗan littafi kana rubuta abin da ka ji. Mutum ba ya ganin ci gaban rana ɗaya, sai ya waiwayi shafin watan jiya.

Batun abinci kuwa, kada ka bari ka rame. Abinci mai zafi ya fi tayar da wari saboda tururi, don haka ka bar shi ya huce, ko ka ci mai sanyi. Dafaffe ya fi soyayye da gasasshe sauƙi. Shinkafa, dankali, madara da 'ya'yan itace sun riƙe ni sosai a lokacin. Ka nemi daɗi ta wajen tsami da ɗan yaji da abin da ke ƙaras-ƙaras a baki, amma ka yi hattara da gishiri da sukari, don hannu kan yi nauyi in baki ba ya jin komai. Abin da ka ƙi yau kada ka yanke masa hukunci har abada, ka sake gwada shi bayan wani lokaci. Kuma ka zaunar da mai ɗakinka ka yi mata bayani, kada ta riƙa shan wahalar girki tana ganin kana ture kwano ba ta san dalili ba.

Akwai kuma haɗarin da ba a cika tunawa da shi ba. Gas ɗin girki warin da aka sa masa ne ke tona asirinsa in yana yoyo, kai kuwa yanzu ba za ka ji ba. Ka riƙa duba makunni da idonka kafin ka kwanta, in da hali ka sa na'urar da ke ƙara in ta ji hayaƙi. Abincin da ya kwana ka ba wani ya shinshina maka. Ni har rigata nakan miƙa wa uwargida kafin in fita, kuma babu abin kunya a ciki.

Za a yi ta kawo maka magunguna, kowa da nasa. Kada ka ɗura wa hancinka abin da likita bai ba ka ba. A 2009 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta gargaɗi jama'a kan wani maganin mura na shafawa a hanci mai sinadarin zinc, saboda shi kansa yana kashe jin ƙamshi. Tun da naka ya ɗauki watanni, ka je ka ga likitan kunne, hanci da maƙogwaro, ya leƙa ya tabbatar babu tsiro ko wani kumburi da ke tare hanya, don wannan yana da magani daban. In kuma ka ga damuwa na neman yi maka yawa, barci ya ƙi, komai ya fita ranka, ka faɗa masa wannan ma. Ni abin da ya fi sa ni ƙunci shi ne in ɗauki ɗana in rungume ban ji ƙamshin kansa ba, na kuwa daɗe ban gaya wa kowa ba.

Nawa yanzu ya dawo kusan duka, sai kofi da har yau bai koma daidai ba. Ka haɗa kwalaben nan a makon nan, in wata ya zagayo ka rubuto mini abin da ka fara ji, ko da kaɗan ne, ko da wari ne. Ka gaida mini Hajiya da kyau, ka ce ina neman addu'a. Ka gaida mai ɗakinka da yara. Mutanen gidana duk suna yi maka sannu.

Wassalam,
Naka amini.