Zazzaɓi Bayan Ƙona Ƙarin Hanta Ba Lallai Ne Na Sauro Ba

Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili in ja hankalin iyalan da ke kai majiyyatansu Masar ko Indiya domin a ƙona musu ƙarin da ya fito a hanta. Aikin shi ne a soka siririyar allura ta fata har cikin ƙarin, likita yana kallo ta na'urar hoto, sannan a sakar masa zafin da ya haura digiri 60 har naman ya mutu. Ya fi dacewa da ƙarin da bai wuce santimita 3 ba, kuma saboda sauƙinsa akan sallami mutum cikin kwana ɗaya ko biyu.

Sai dai mataccen naman nan ba a fitar da shi, a cikin hantar yake zama, kuma idan ƙwayoyin cuta na hanji suka kai gare shi sai ya koma ƙurji mai tara mugunya. Abin ba ya yawan faruwa, amma haɗarin ya fi tsanani ga wanda aka taɓa haɗa masa bututun matsarmama da hanji, ko aka sa masa roba a bututun, domin ƙwayoyin sun riga sun sami hanyar hawowa hanta. Mai ciwon suga ma ya kula.

Yayana ya dawo daga Alƙahira garau, muna ta godiya ga Allah, sai a mako na uku zazzaɓi ya rufe shi da rawar sanyi da ciwo a ƙarƙashin haƙarƙarinsa na dama. Sau biyu muka sayo maganin zazzaɓin cizon sauro a kemis, daga baya muka ce taifod ne, babu wanda ya tuna da aikin da aka yi masa, har ni da na raka shi. Sai da wani likita ya nemi takardun aikin, ya sa aka ɗauki hoton cikinsa, aka ga ƙurjin, aka zura bututu aka zuƙe mugunyar, ya shafe makonni yana shan maganin kashe ƙwayoyin cuta.

Ɗan zazzaɓi da kasala a kwanakin farko ba abin tsoro ba ne, sukan wuce da kansu. Wanda ya zarce mako guda, ko ya dawo bayan an ji sauƙi, shi ne ake garzayawa asibiti da shi, da takardun aikin a hannu, a kuma nemi hoton hanta ko da gwajin jini ya nuna akwai cutar sauro.

Wassalam,
Wani mai karatu daga Kano